Ranar da Na Fitar da Kujerun Umma

Jama'a, ku matso ku ara mini kunnuwanku, domin abin nan ya tokare mini maƙogwaro, ya ƙi faɗawa ya ƙi fitowa. Mai niyyar zagina ya dakata sai ya kai ƙarshe. Mai niyyar ba ni gaskiya shi ma kar ya yi garaje, don ni kaina ban tabbata ina da ita ba.

Ni dai mai wanki da guga ce. Eh, daidai kuka ji. Ba a ofis nake aiki ba, ba kuma a kamfani ba, ko da yake haka Ummata take gaya wa duk wanda ya tambaye ta. Shekarata huɗu a wani shagon wanki, can ɗakin baya inda tururi yake dafa mutum, inda masu kawo kaya ba sa leƙawa. Aikina na farko shi ne alama. Duk kayan da suka shigo, kafin su taɓa ruwa, sai na zauna da allura da zare na ɗinka musu shaidar mai su a cikin wuyan riga ko ƙugun wando: wannan ɗigo biyu shuɗi, wancan sanda ɗaya kore, wancan ɗigo uku ja. Ban san fuskokin masu kayan ba, amma na san wanda yake ɗiga wa rigarsa miya, na san wanda teɓa ta fara matse shi, na kuma san masu sa riga sau ɗaya su jefo mana ita ko gumi ba ta sha ba.

Uwar ɗakina, wato mai shagon, mace ce mai faɗa kamar ta ari baki, amma ba ta da mugunta. Shekara biyu da suka wuce ta dafa tsohon injin wankinmu ta ce da ni, "Duk ranar da na sayi sabo, wannan naki ne in kin iya tara kuɗinsa. Ki kafa shi a ɗakin ƙofar gidanku, ki ɗauki mata biyu cikin maƙwabtanku, ɗaya shanya ɗaya guga. Kuɗin da ke kwance ba ya haihuwa, 'yar nan, sai an sa shi aiki. Inji ɗaya gida uku yake ciyarwa."

Tun daga ranar ba ni da wani buri sai injin nan. To amma bari in tona wa kaina asiri kafin in tona na wasu: hannuna ba ya riƙe kuɗi. Kuɗi a wayata ruwa ne a kwando. Takalmana ƙafa goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado, uku ban taɓa sa su ba don suna cizona. Mayafai kuwa ba a magana, in na ga kalar da ba ni da ita sai in ji kamar ciwo. Da na ga ba zan iya da kaina ba, sai na yi dabara. Duk ƙarshen wata in raba albashina biyu, in kai wa Umma rabi, ta sa a wani gwangwanin madara ta kulle a akwatinta. Na ce mata, "Umma, ko kuka na zo ina yi kar ki ba ni." Ta ce, "Ko birgima za ki yi." Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Yanzu sai maganar mutumin. Wata huɗu da suka wuce ruwan sama ya tare ni a bakin titi, wata mota mai ruwan toka ta tsaya, mai ita ya rage mini hanya. Dogo ne, mai sanyin magana, farar shaddar jikinsa tana ɗaukar ido. Ya tambaye ni inda nake aiki, na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai muryar Umma ta faɗo mini, na ji kaina ina cewa, "A wani kamfani." Na tambaye shi nasa, ya ce, "Muna ɗan taɓa harkar kasuwanci." Daga nan aka fara. Gwaggo, ƙanwar Abbanmu da ke zaune tare da mu tun da mijinta ya rasu, ita ta laƙaba masa suna Mai Ƙamshi, don in ya zo ya tafi sai turarensa ya kwana biyu a labule. Abba direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba, saboda haka gidan a hannun matan nan biyu yake.

Zuwansa na farko a tabarma ya zauna. Sati biyu bayan haka na dawo daga aiki na tarar falonmu ya canja kamar an yi mana musaya da na wasu. Kujeru masu ruwan zuma, doguwa ɗaya da ƙanana biyu, duk a cikin ledarsu. Labule mai ratsin zinare har ƙasa. Teburin gilashi a tsakiya da furen roba a kai.

"Umma, daga ina?"

"Allah ne ya kawo. Gwaggonki ma ta sa hannu."

Gwaggon da ko gishiri ka roƙa sai ta tambaye ka ranar da za ka mayar! Na san da walakin, wallahi na sani. Amma ban tambaya ba, don ba na son jin amsar. Maimakon haka sai na ci kwalliya, na haye doguwar kujerar, na ɗauki hoto na ɗora a waya, ƙawaye suna ta turo mini wuta da zuciya. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ba kujeru kaɗai ba. Duk ranar da zai zo, sau biyu a sati, sai an soya kaza guda, an sayo lemon kwalba kala uku, tuffa, inabi, ruwan roba. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗan gutsiri fiffike, ya kurɓi lemo sau biyu, ya ce alhamdulillahi. Lemon da aka fasa ya salance, inabin ya kwana a zafi ya yi laushi, don firjinmu ya shekara da mutuwa ba a gyara ba. Washegari in kwashe da hannuna in zubar. Sauran kwana biyar na sati kuma mu ci abinci gaya, ko ƙashi babu. In na yi magana Gwaggo ta ce, "Ke ba ki san komai ba. Babban kifi sai da babbar ƙugiya."

Ranar Laraba da safe ina tsaka da alama uwar ɗakina ta leƙo.

"Ke, ajiye allurar nan ki zo."

Na fito ina goge hannu.

"Sabon inji ya iso, gobe za a kafa shi. Tsohon kuma wani mai otal ya zo ya gani, har ya taya sama da abin da na yanka miki. Na ce masa akwai wadda na yi wa alƙawari. Ranar Asabar ƙarfe huɗu zai dawo da mota. In kin riga shi, naki ne. In kin makara kar ki zo kina yi mini hawaye, ba ni da wurin ajiye inji biyu."

Don murna har rungume ta na yi, ta ture ni tana cewa in bar shafa mata sabulu. Ranar ban san yadda na iso gida ba. Ko mayafi ban cire ba na faɗa ɗakin Umma.

"Umma, lokaci ya yi! Ɗauko gwangwanin."

Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba.

"Wace irin rawar kai ce wannan? Ko sallama babu. Baƙonki yana hanya, je ki yi wanka."

"Umma, gwangwanin kawai zan gani."

"Na ce ki bari ya zo ya tafi. Guduwa gwangwanin zai yi?"

Na haƙura na fita. Na yi wanka, na sa doguwar riga ruwan hoda mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa farin mayafi, Gwaggo ta bi ni da turare har ina tari. Saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, ga bawanki a ƙofar fada." Da wata rana ce da na yi murmushi.

Ya shigo da shadda ruwan sararin sama, an yi mata aiki da farin zare a ƙirji, karin guga a hannun rigar kamar zai yanki mutum. Har na ce a raina, kai, wanda ya yi gugar nan ya iya. Ya sunkuya a bakin ƙofa zai cire takalmi, ni kuma ina tsaye a kansa da tire a hannu. Wuyan rigar ya buɗe ta baya.

Ɗigo uku ja.

Jama'a, ɗinkina ne. Ko a cikin duhu na san ƙullin zarena, don ni kaɗai nake mayar da bakin zaren ciki sau biyu. Mai ɗigo uku ja kuwa tsohon mai kawo mana kaya ne, wani ɗan kasuwa da ba ya zama gari, direbansa ne yake kawowa yake karɓa, kamar yadda masu karɓar kaya a gaban shago suke faɗa. Nan take komai ya warware mini. Wata huɗu ke nan kayan mutumin suna dawo mana sau biyu a sati, fes da su, ba abin da ya same su sai ƙamshi, har uwar ɗakina tana cewa Allah ya ƙaro mana irinsa. Wato Mai Ƙamshi shi ne direban, in maigidansa ya yi tafiya, sai ya ɗauki mota, ya sa rigar, ya zo mini, washegari ya mayar da ita wanki ya biya daga aljihunsa. Ni kuma in tsaya cikin tururi in goge masa rigar da zai zo ya ruɗe ni da ita!

Tiren ya karkace, kofi ya gangara.

"Lafiya, ranki ya daɗe?"

"Lafiya lau. Santsi ne."

Ya zauna a ƙaramar kujera ledar tana ƙara, ya gutsiri fiffikensa, ya kurɓi lemonsa. Ina kallonsa ina jin kamar in shaƙe shi, sai kuma in tuna ni ma 'yar kamfani ce, in ji bakina ya mutu. Kallon kitse muke yi wa rogo, daga shi har mu. Da zai tafi ya rage murya ya ce ranar Asabar da yamma zai zo takanas ya gaida Umma, akwai muhimmiyar maganar da yake son a ba shi izini a kanta. Gwaggo da ke laɓe a bayan labule saura kaɗan ta faɗo.

Motarsa ba ta gama fita layin ba na koma ɗakin Umma na tsaya a bakin ƙofa.

"Ya tafi. Gwangwanin."

Ta jawo akwatin ta buɗe, ta miƙo mini. Tun daga nauyinsa na gane. Na buɗe, ba komai a ciki sai wani maɓalli da 'yar takardar shagon mai kujeru.

"Umma, shekara biyu! Shekara biyu ina tafiya aiki a ƙasa don kar in biya kuɗin mota!"

"Don wa na yi? Don kaina? Mutum kamar wannan zai zo gidanmu ya riƙa zama a tabarma? Ana auren nan inji nawa ne ba zai saya miki ba? Ke da wanki ma har abada."

"Ni na ce miki na gaji da wankin?"

Gwaggo ta shigo tana tafa hannu. "Oh ni! Yarinya Allah yana ɗaga ki kina cewa a bar ki a bakin baho. Kuɗin 'ya ai na uwa ne, meye abin ɗaga murya?"

Na so in ce musu direba ne, rigar ma ta aro ce. Maganar ta zo har bakina na mayar. Na san halin Gwaggo, kafin gari ya waye duk layin sun ji, kuma duk haushinsa da nake ji ban so a yi masa wannan tozarcin ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na jawo takalman nan goma sha ɗaya na jera su ina kallo, na ga ashe gwano ne kawai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Alhamis da aka tashi aiki na nufi shagon mai kujeru da takardar nan. Wani ɗan tsamurmurin mutum ne mai fensir a bayan kunne. Ko mamaki bai yi ba.

"An cire ledar?"

"Ba a cire ba."

"To zan karɓa, amma kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Kuma saiti nake so cikakke, doguwa da ƙananan da teburin. In ɗaya ta rage, babu ciniki."

"Haba malam, kashi ɗaya cikin huɗu? Kujerun da ko mutum biyar ba su zauna a kai ba?"

Ya yi dariya ya nuna mini bayan shagon, kujeru ne jibge har rufi. "Kin ga waɗannan? Duk dawowa suka yi. Wannan an saya don baƙi, wancan don maƙwabta su gani. In wata ya yi nisa, tukunya ta ƙi tafasa, sai a kira ni. Saiti ɗaya sai in sayar da shi sau uku. Ni ba na addu'ar mutane su yi hankali, 'yar'uwa, in suka yi rufe shagon zan yi."

Na ji kamar in kwaɗa masa jakata, amma gaskiya ya faɗa. Kuɗin kaji da lemo da labule sun riga sun bi ruwa, babu mai dawo da su. Ranar Juma'a na sayar da 'yan kunnena na zinare, na haɗa takalma takwas na kai wa mai gwanjo ya saya a wulaƙance, na roƙi uwar ɗakina ta ba ni albashin watan nan tun bai ƙare ba. Duka in aka haɗa da na kujerun, da ƙyar ya kai. Na ce da mai kujeru ya turo mota Asabar ƙarfe biyu.

Da safiyar Asabar na durƙusa gaban Umma na gaya mata yau za a zo a kwashe kujerun. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ki gwada mu gani." Ta ci gaba da figar kazarta. Ta ɗauka barazana ce.

Ƙarfe biyu da kwata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Mai kujeru ya sauko da ƙarti biyu, suka yi sallama, na nuna musu falo. Suka ɗauki teburin gilashi, suka dawo suka ɗauki ƙaramar kujera ɗaya. Gwaggo ta fito da ludayi a hannu tana salati.

"Wayyo Allah, ta kashe mu! Yau ɗin da mutumin zai zo? Ke wace irin 'ya ce mai baƙin taurin kai? Ku ajiye! Na ce ku ajiye!"

Matan layi sun fara leƙowa ta saman katanga. Umma kuwa ta ajiye aikin da take yi. Ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta shiga falo ta zauna daram a tsakiyar doguwar kujerar ta harɗe hannuwa. Ƙartin suka fitar da ƙaramar ta biyu, suka dawo suka yi cirko-cirko.

"Umma, don girman Allah."

"Sai dai ku ɗauke ta da ni a kai."

Mai kujeru ya zaro fensir ya sosa kai. "Na gaya miki, 'yar'uwa, saiti ko babu."

Wayata ta yi ƙara, saƙon uwar ɗakina ne: "Uku saura. Kar ki ba ni kunya gaban mutumin nan." Ban gama karantawa ba wani ya shigo a kansa: "Ranki ya daɗe, na kasa haƙuri har yamma, ga ni a layinku. Motar kaya ta tare ƙofar, lafiya dai?"

Gwaggo ta leƙa, ta dawo a guje har zaninta yana kwancewa. "Shi ne! Ku mayar da kujerun! Ke, fita ki tsare shi a waje, ki ce sababbi za a kawo, waɗannan sun tsufa!"

A nan ne wani abu ya tsinke mini. Na gaji, wallahi na gaji da ƙarya, tawa da tasu da tashi. Na fita da rigar zaman gida, ko hoda babu a fuskata. Yana tsaye jikin motar da farar shadda sol, wadda na goge da hannuna ranar Alhamis.

"Shigo," na ce masa. "Ka zo a daidai."

Ya biyo ni yana waige-waige. Ya ga falo wayam, ya ga Umma a kan kujera, ya ga ƙarti, ya durƙusa zai gaishe ta. Ban bari ya gama ba.

"Ka ji da bakina kafin ka ji a layi. Ni ba a kamfani nake aiki ba. Mai wanki da guga ce, a shagon da kake kai kaya. Kujerun nan da kuɗin da na tara na sayen inji aka saye su, don ka zauna a kai. Yau zan mayar da su. Rigar jikinka kuma ni na yi mata alama, ni na goge ta, na san mai ita."

Har ƙartin suka sunkuyar da kai.

Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi, na ce yanzu zai musa ko ya tashi ya fice. Sai ya miƙe a hankali, ya kama rigar ta wuya ya zare ta, ya rage daga shi sai wata 'yar shara da ta sha jiki har ta huje a kafaɗa. Ya ninke rigar da kyau ya ɗora a kan taga.

"Umma, ki gafarce ni. Ni direba ne. Motar ta maigidana ce, kayan ma nasa ne. Wata huɗu albashina a mai da turare da kuɗin wanki yake ƙarewa, ko ɗakin da nake haya ban gyara ba. Da na ga kujerun nan da abin da ake ajiye mini sai na ji tsoro, na ce gidan nan sun fi ƙarfina, in na zo a yadda nake korata za a yi." Ya juyo ya dube ni. "Wane gefen kujerar zan kama?"

"Innalillahi!" in ji Gwaggo, ta zube a ƙasa da ludayinta. "Kajina! Kaji talatin da wani abu!"

Wani daga cikin ƙartin ya kasa riƙe dariya. Ni ma da na yi, ba don fuskar Umma ba. Na ɗauka za ta fashe da faɗa, ko ta tashi tunda wanda ake yi domin shi ya zama ba shi ba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannunta kawai ta ɗora a kan ledar kujerar tana shafawa, idonta a ƙasa.

"Ƙarya na yi miki ranar Laraba," ta ce, muryarta can ciki. "Ba don shi kaɗai na saya ba. Shekara ashirin da shida ina gidan nan, ban taɓa zama a kan kujerar da zan ce tawa ba ce. In na je gidan ƙannena su ce Yaya hau kujera, in suka zo nawa in shimfiɗa musu tabarma. Duk safiya in kin tafi aiki sai in zo in zauna a nan ni kaɗai in sha shayina. Ledar ma tsoron cirewa nake yi."

Jama'a, da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Matar nan ita ta sayar da zannuwanta ta biya mini makaranta. Ita take ba ni nama ta ce ta ƙoshi. Kuma ita ɗin ce ta buɗe gwangwanina ba ta tambaye ni ba. Duka biyun gaskiya ne, na rasa wanda zan riƙe in saki wani.

Mai kujeru ya dubi agogonsa. "Uku da kwata. A ɗauka ko a sauke waɗancan?"

Na durƙusa a gabanta na kama ƙafarta. "Umma, ki ba ni shekara ɗaya. Wallahi da kuɗin injin nan zan saya miki waɗanda suka fi su, ki cire ledar da hannunki, ba don wani baƙo ba."

Ba ta dube ni ba.

"A ɗauka ko a bari?" ya sake tambaya.

Na share hawayena da bayan hannu.

"A ɗauka."

Umma ta zare ƙafarta daga hannuna. Ta miƙe da kanta, ta gyara inda ledar ta tattare, ta wuce ta gabana kamar ba ta san da mutum a wurin ba. Mai Ƙamshi ya kama gefe ɗaya, ƙato ɗaya ya kama ɗayan, suka karkata ta suka fitar, matan layi suna kallo har da masu ɗora yara a kafaɗa. Mai kujeru ya ba ni kuɗina a tsakar gida, na ƙulle a bakin mayafi.

Na kai bakin ƙofa ke nan na ji muryarta daga cikin ɗaki, ba ihu, ba kuka.

"Gwaggon yara, ki gaya mata. Tunda ta iya fitar da kaya daga gidan nan a gaban jama'a, to injin ma ta nemar masa wani gidan. Ba zai shigo mini nan ba."

Na jira ko za ta ƙara wani abu, sai na ji ta turo ƙofa ta sa sakata.

"Zo in kai ki, lokaci yana tafiya," in ji shi, yana laluben makulli.

"A motar wa? Ka mayar wa mai kaya kayansa tukuna, sannan ka zo mu ga ko akwai sauran magana."

Na haye gaban a-kori-kurar na matse kusa da ƙofa, kujerun Umma suna rangaji a bayanmu. Mun hau babban titi ke nan wayata ta ɗauki ƙara. Uwar ɗakina ce.

"Kina ina? Mai otal ya iso tun ɗazu, ina ta ja masa rai da hira."

"Ga ni a hanya, kuɗin suna hannuna."

"Madalla, 'yar albarka! Na sa an kwance shi, yau zai bar mini shago ko ta halin ƙaƙa. Ba direban wayar in gaya masa ya ɗauka daga nan. Gida za a kai miki, ko?"

Direban ya miƙo hannu yana jiran wayar.

"Kina jina kuwa? Na ce ina za a kai injin?"